Tambayoyi da amsoshi kan garmaho: me ke sa wani ya yi sauti mai daɗi, wani kuma ya ƙi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu sha'awar faifai, musamman waɗanda suka gaji fayafayan iyayensu ko suka ci karo da garmaho na hannu a kasuwa suna tunanin saye. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi.

Wai da gaske garmaho ya bambanta da garmaho? Ai duk juya faifai kawai suke yi.

Sun bambanta sosai wallahi. Sautin da ke cikin faifai ba komai bane illa lanƙwashe-lanƙwashe ƙanana a bangon tsagin nan da kake gani yana zagaye faifan, wasunsu ido ma baya iya ganinsu. Allura na bin tsagin tana jijjiga, katirij ɗin da ke riƙe da ita ya maida jijjigar ta zama wutar lantarki ƴar mitsitsiya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi sau ɗaruruwa kafin ta kai sifika. Toh matsalar itace allura bata san wace jijjiga ce ta waƙa ba wace ce ta moto ko ta boris (mazaunin da abin da ke juyawa yake juyi a kansa) ko ta takun ƙafarka a ɗaki, duk wadda ta iso gareta ɗauka take yi ta tura maka a kunne. Saboda haka duk wani abu da za ka karanta a nan ƙasa yana komawa ga abu biyu: faifai ya juya da gudu ɗaya ba ragi ba ƙari, kuma kada wani abu ya girgiza allura in ba tsagin faifan ba.

Mai bel da mai moto kai tsaye, wanne ya fi?

Wannan gardama ta daɗe kuma ba za ta ƙare ba. Mai bel, moton yana gefe, bel na roba ne ke jan faranti, wato inda ake ɗora faifai, kuma robar na shanye wani kaso na jijjigar moto kafin ta kai ga faifai. Irinsa ne Rega Planar 3 da Linn Sondek LP12 da Thorens TD 150. Aibinsa bel yana saki idan ya tsufa, a ƙasa mai zafi ma ya fi saurin mutuwa, wani lokaci ka buɗe tsohon garmaho ka tarar bel ɗin ya narke ya manne kamar kwalta.

Mai moto kai tsaye kuwa farantin a kan moton yake zaune, babu bel. Kamfanin Technics na Japan ne ya fara fito da shi a kasuwa da SP-10 a 1970, sai SL-1200 a 1972, sannan SL-1200MK2 a 1979 wanda aka sa masa kuwaz mai kulle gudu, shine gidajen rediyo da masu kiɗan biki suka rungume. Yana tashi nan take, gudunsa baya kaucewa. Waɗanda basa sonsa suna cewa moton na ƙarƙashin faifai kai tsaye don haka duk ƴar fizgar da ya yi za ta shiga waƙa, kuma gaskiya ne a masu araha, amma a masu kyau ba ka jin komai. Akwai na uku, mai ƴar tayar roba da ke tsakanin moto da faranti, irin Garrard 301 da Lenco L75, suna da ƙarfin ja amma idan tayar ta bushe sai gurnani ya cika sifika. Ni dai a ganina ingancin ƙira ya fi nau'in muhimmanci, sai dai wanda wutarsa ta janareta ce ya karanta tambaya ta huɗu kafin ya yanke shawara.

Me yasa murya ko sautin busa ke rawa, kamar ana ja ana saki?

Gudun faranti ne ke hawa da sauka. Babban faifai ana juya shi sau 33 da sulusi a minti, ƙarami sau 45, kuma kunnen mutum yana saurin kama kaucewa ko da kaɗan ce, musamman a sauti mai tsawo kamar sarewa ko fiyano. Idan rawar a hankali take, sau ɗaya a duk zagaye, yawanci bel ne ya saki, ko mai ya taɓa shi yana santsi, ko kuma ramin tsakiyar faifan ne ba a huda shi daidai ba, wannan kam laifin faifai ne, za ka ga hannun garmaho mai ɗauke da allura yana lilo hagu da dama. Idan rawar mai sauri ce kamar karkarwa, duba moto da fuli (ƴar tayar kan moto da bel ke ratayawa) da boris. A takardar garmaho ana rubuta wannan kaucewar da kaso cikin ɗari, mai kyau yana ƙasa da 0.1, manyan Technics kuwa suna wajen 0.025.

Na sayi na hannu daga Amurka, na sa masa na'urar rage wuta, amma waƙa na tafiya a hankali. Me ya faru?

Wannan na damun mutane da yawa a Najeriya da Nijar da Ghana. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Garmaho da dama masu bel moton su da wannan bugun yake ƙirga gudunsa, saboda haka wanda aka ƙera don 60 idan ya sha 50 sai ya juya wajen sau 27.8 maimakon 33 da sulusi, mawaƙi ya koma mai ƙaton murya. Na'urar rage wuta ƙarfin wutar kawai take saukewa daga 230 zuwa 120 ko 110, bata taɓa bugun. Maganin shine a sauya fulin moto da wanda aka yi don 50, ko a samu akwatin wuta na musamman mai samar da bugun da moton ke so. Na Japan kuma wutarsu 100 ce, a kula kafin a jona.

Irin wannan moton ne kuma ke wahala a kan ƙaramin janareta, don bugun wutarsa na canzawa duk lokacin da firij ko famfo ya tashi, sai ka ji waƙa ta nutse ta dawo. Kuma kada ɗigo-ɗigon gefen faranti da ake duba daidaiton gudu da su su yaudare ka, idan fitilar da ke haska su daga wannan wutar take shan bugu za su nuna maka komai daidai alhali ba daidai bane. Garmaho mai kuwaz ko mai moton da ke da nasa ma'aunin gudu a ciki baya damuwa da wannan, shi yasa nake yawan ba masu janareta shawarar su nemi irinsa.

Nauyin faranti yana da wani amfani?

Yana da shi. Faranti mai nauyi, musamman idan nauyin na bakin gefe, da zarar ya ɗauki gudu baya son canzawa, sai ya share ƴan ƙananan fizge-fizgen moto. Amma nauyi kaɗai bai isa ba. Ɗauke shimfiɗar da ke kan farantin ka ƙwanƙwasa shi da farce, idan ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa toh wannan ƙarar na komawa cikin allura lokacin kiɗa. Shi yasa ake manna roba a ƙarƙashin na alminiyam, wasu kamfanoni kuma su yi shi da gilashi mai kauri ko akirilik. Shimfiɗar roba mai kauri ta fi kashe ƙara, ta ulu kuma tana jan ƙura tana mannewa faifai a lokacin hunturu. Idan ka sauya shimfiɗa da mai kauri daban ka sani tsayin faifai ya canza, duba tambayar hannu.

Menene wannan gurnani na ƙasa-ƙasa da nake ji tsakanin waƙa da waƙa?

Sau da yawa boris ɗin tsakiya ne, wato sandar da faranti ke juyawa a kanta. Duk nauyin farantin a kan wani ɗan wuri yake a ƙasan sandar, sau da yawa ƙwallon ƙarfe guda ɗaya, idan mai ya bushe ko ƙura ta shiga sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Cire bel, ka juya farantin da hannu ka sake shi, mai lafiya zai daɗe yana juyawa shiru. Sannan ka kama sandar ka gwada kaɗa ta gefe da gefe, bai kamata ka ji tana wasa ba. A wanke ramin a sa mai siriri mai tsabta gwargwadon yadda kamfanin ya ce, ba giris mai kauri na mota ba. Idan gurnanin yana nan ko faranti a tsaye yake, ba boris bane, je ka tambayar jonawa da amfilifaya da ke ƙasa.

Gangar jiki mai nauyi ta fi, ko mara nauyi?

Masu ƙira sun rabu gida uku a nan kuma kowanne ya fitar da garmaho mai kyau. Na farko sun ce a yi jiki mai nauyi da zai danne jijjiga, SL-1200MK2 ya haura kilo 12, alminiyam a sama roba mai kauri a ƙasa. Na biyu, irin Rega na Ingila, sun ce nauyi na ajiye jijjiga ya sake ta daga baya, gara jiki mara nauyi amma mai tauri sosai. Na uku sun rataye faranti da hannu a kan wani ƙaramin firam da ke zaune kan sifirin uku, moto kuma a jikin waje, yadda jijjigar moto da ta ɗaki ba za ta ƙetara ba. Edgar Villchur ne ya yaɗa wannan da garmahon AR a 1961, Thorens da Linn suka bi.

Abin da babu mai kare shi shine jikin roba siriri mai rami a ciki, wanda idan ka ƙwanƙwasa yake amsawa. Gwajin mai sauƙi ne, ɗora allura a kan faifai faranti na tsaye, ƙara murya kaɗan, ka taɓa jikin da yatsa a hankali. Yadda ƙarar ta fito a sifika, haka jikin ke shigar da komai.

Ina ya kamata in ajiye shi? Nawa idan na ƙara murya sai ya fara kuka.

Sifika ce ke girgiza garmaho, allura ta ɗauka ta mayar wa sifika, abu ya yi ta zagayawa har ya zama kuka. Kada su hau tebur ɗaya, ko da kuwa babu wuri. Ɗakin siminti ya fi sauƙi, tebur mai ƙarfi da baya rawa ya isa, idan kuma ƙasan katako ne ko bene mai motsi toh kanta da aka kafe a bango ta fi. A sa ma'aunin magina mai ruwa a kan faranti a tabbatar bai karkata ba, don karkata na sa allura ta jingina da bango ɗaya na tsagi. Murfi a buɗe yana kama sautin ɗaki ya tura cikin jiki, ko a cire shi gaba ɗaya lokacin saurare ko a gwada rufewa a ji wanda ya fi. Kuma nesa da taga, rana na lanƙwasa faifai.

Me ake dubawa a hannun garmaho?

A nan ne aikin ƙira yake da wuya, don ana son abu biyu da basa jituwa. Ana son hannu ya bi tsagi ba tare da wata turjiya ba, sama da ƙasa, hagu da dama, kuma ana son ya riƙe katirij gam kada ya motsa ko kaɗan. Boris ɗin gindin hannu ne ke raba gardama. Kama bututun a hankali ka ɗan tura gaba da baya, idan ka ji ƙwas-ƙwas akwai wasa, kuma wasan nan yana cinye ƙananan bayanan sauti. Sannan ka daidaita nauyin baya, wato ƙarfen da ke bayan hannun, har hannu ya tsaya a iska, ka hura masa iska kaɗan, mai lafiya zai tafi sumul ba tsayawa. Kowace mahaɗa a jikin hannu wuri ne na rauni, shi yasa Rega suka zuba RB300 ɗinsu na 1983 a matsayin bututu guda tun daga kai. Mai kai da ake cirewa kuma yana da sauƙin sauya katirij, ka dai tabbatar ya ɗaure tamau. Lanƙwasa irin ta S ko miƙaƙƙe ba shine ke kawo daɗin sauti ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shine dacewar hannu da katirij. Sandar allura a kan ƴar roba take zaune, wata mai laushi wata mai tauri, kuma nauyin hannu da wannan robar suna da wani bugu nasu da suke amsawa. Ana son ya faɗa tsakanin 8 zuwa 12 a daƙiƙa, sama da lanƙwasar faifai, ƙasa da inda kiɗa ke farawa. Hannu mai nauyi da katirij mai laushi, sai ka ga fatar sifika na shiga da fita ba sauti, allura na tsalle a faifai mai ɗan tudu. Hannu mara nauyi da katirij mai tauri kuma bes ya lalace. Idan hannun yana da wurin ɗagawa da saukewa, a sa bututun ya kwanta daidai da faifai lokacin da allura ke ciki.

Katirij mai MM da mai MC, menene bambancin?

A MM maganaɗisu ne ke motsi a ƙarshen sandar allura, naɗin waya na tsaye. Yana fitar da wajen milibolt 3 zuwa 5, kowace fono ta talaka (na'urar da ke fara ƙara wa sautin katirij ƙarfi) na karɓarsa, kuma idan allura ta cinye sai ka zare ka sa sabuwa da hannunka. A MC naɗin wayar ne ke motsi, abin da ke motsin ya fi sauƙi don haka yana bin tsagi da kyau, amma yawancinsu basa wuce rabin milibolt, suna buƙatar fono ta musamman, allurarsu kuma ba a zarewa a gida. Ga mai farawa MM irin Audio-Technica AT-VM95E ko Ortofon 2M Red ya wadatar ƙwarai. Wanda zan ce a yi hattara da shi shine na seramik da ke zuwa a ƙananan garmaho masu kama da akwatin tafiya, yana danna faifai da nauyi mai yawa, kuma ba wurin gyara komai. Faifan da ka gada mai yiwuwa ba a sake buga irinsa, bai kamata a ɗora masa wannan ba.

Siffar bakin allura fa?

Mai zagayen baki ita ce mafi araha kuma bata da fitina wajen saiti, amma bata shiga lanƙwashe masu matsi. Mai siffar ƙwai ta fi ta fitar da sauti siriri. Sai masu siririn gefe irin Shibata, wadda aka ƙirƙira a kamfanin JVC a farkon shekarun 1970, suna taɓa bangon tsagi a tsaye mai tsawo, suna daɗewa, kuma sukan karanta wurin da tsohuwar allura bata cinye ba, sai dai dole saiti ya zama daidai. Kowace iri ce tana ƙarewa bayan ɗaruruwan awoyi, kuma wadda ta cinye yankan faifai take. Idan ka sayi garmaho na hannu ka ɗauka allurarsa ta mutu kawai.

Tsofaffin fayafayan nan masu nauyi da ke fashewa idan sun faɗi, masu gudun 78, tsaginsu ya fi faɗi kusan ninki uku ko fiye, suna da allurarsu daban. Kada a haɗa.

Rage nauyin allura ba shine ke kare faifai ba?

A'a, kuma wannan kuskuren ya ɓata fayafayai da yawa. Allurar da bata da isasshen nauyi bata zama a tsagi, tana karo da bango tana ɓarke shi. Kowane katirij da nauyin da aka rubuta masa, AT-VM95E giram 2 ne, 2M Red giram 1.8. A sayi ɗan sikelin allura, ba tsada, ya fi dogaro da lambobin jikin nauyin baya. Ɗora kwabo a kan hannu don hana tsalle kuwa ɓarna ce, a nemi dalilin tsallen. Akwai kuma ƴar ƙusa ko zare mai nauyi a gindin hannu da ke jan shi waje kaɗan, saboda juyawar faifai na jan hannu zuwa tsakiya. Fara da sa lambarta daidai da nauyin allura. Idan sifikar dama ce ke tsatsa a wurare masu ƙarfi, ƙara kaɗan, idan ta hagu ce, rage.

Me yasa waƙoƙin ƙarshe na kusa da tsakiya suke fita da ƙazanta?

Dalili biyu ne. A bakin faifai tsagi na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya ya sauko wajen 20, kenan sauti iri ɗaya an cusa shi a wuri ƙarami, lanƙwashen sun matse. Na biyu, an yanka faifai da na'ura mai tafiya a miƙe, hannun garmahonka kuma lanƙwasa irin ta baka yake zanawa, don haka wuri biyu ne kacal allura ke fuskantar tsagi daidai. A lissafin Baerwald da aka fi amfani da shi wuraren suna milimita 66 da kusan 121 daga tsakiya. Ana buga takardar awo a ɗora a faranti, a sassauta kusoshi biyun katirij a matsa shi har ya daidaita a duka wuraren. Aikin haƙuri ne amma kyauta ne, kuma bambancin a bayyane yake. Idan an yi haka bai gushe ba, koma tambayar siffar allura.

Na jona da amfilifaya, sauti ƙasa-ƙasa ba bes, ga kuma ƙugi. Garmahon ne ya lalace?

Da wuya. Lokacin yanka faifai ana rage bes sosai a ƙara sauti siriri bisa ƙa'idar RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka) ta 1954, don waƙa mai tsawo ta samu wuri. Dole a warware wannan lokacin saurare, kuma aikin fono kenan. Nemi ramin da aka rubuta PHONO a bayan amfilifaya, idan babu a sayi ƙaramin akwatin fono a sa a tsakani. Wasu sababbin garmaho suna da ita a ciki da makunni a baya, idan ka kunna ta ciki kada ka sake shiga ramin PHONO, sauti zai fashe. Ƙugi kuma yawanci ƴar siririyar wayar nan ce ta uku ba a ɗaura ta a kusar bayan amfilifaya ba, ko bakin wayoyi sun yi tsatsa, ko garmahon na kusa da taransifoma ko stabilaiza. A matsar da su, kuma kada wayar sauti ta kwanta tare da wayar wuta.

Kuɗina kaɗan ne, ina zan fara zubawa?

Idan na hannu za ka saya, boris na tsakiya da boris na hannu su ne abin dubawa tun a gaban mai kaya, don su ne masu wuyar gyara, bel da allura kuwa ana samu. Tabbatar hannun yana da nauyin baya da ake juyawa, kuma ka karanta bayan garmahon ka ga wutar da yake sha da ko 50 ne ko 60. Je da faifan da ka sani sosai amma ba wanda kake ji da shi ba. Garmaho mai ɗaga hannu ya sauke da kansa ba laifi bane idan yana aiki lafiya, sai dai tsohon giris na daskarewa a ƙarfunan ƙarƙashi ya riƙe hannu.

Bayan saye, sabuwar allura da sabon bel su ne farko, sai sikeli da takardar awo, sai burushin faifai, don ƙurar hunturu idan ta kwanta a tsagi allura niƙa ta take yi a jikin bango. Katirij mai tsada a bari sai an gama waɗannan, a kan hannu mai wasa ba zai nuna maka abin da ka biya ba. Idan an yi duk wannan kuma har yanzu kana son ƙari, fono ta waje mai kyau ce mataki na gaba kafin ka yi tunanin sauya garmahon.